Masunci da Dolfin a Cikin Taru

A can da, an yi wani masunci a inda kogi ke shiga teku. A ruwan nan marar zurfi akwai ƙananan dolfin, bayansu toka-toka, cikinsu fari fat, bakinsu dogo. Abincinsu ƙananan kifaye da jatan lande.

Wata rana ɗayansu ya maƙale a tarun masunci, yana neman numfashi.

Wan masuncin ya ce, "Jawo shi, nama ne!"

Masunci ya ce, "Haba Yaya, su ke koro mana kifi." Ya yanke tarun ya saki dolfin ɗin, alhali kuwa tarun nan kaɗai gare shi.

Washegari dolfin suka koro kifi har gaɓa. Masunci ya yi ta kwasa da kwando, ya yi ta kwasa.

Wansa ya sosa ƙeya ya ce, "Ƙanena, akwai wani kwandon?"