Ragowar Tuwon Iya Barmani

Tun asuba na'urar Tsinkaya ke ƙirga ɓeraye. Idanunta dubu uku ne, manne a bangon dogayen rumbunan Birnin Tudun Gero, kuma ɓera ko kyanwa ba ya gittawa sai ta rubuta shi.

Lissafin ba shi da wuya, kamar yadda Dakta Mamuda kan bayyana wa ɗalibansa. In ɓeraye suka yi yawa, kyanwoyi su ƙoshi su hayayyafa. In kyanwoyi suka yi yawa, ɓeraye su yi ƙaranci, yunwa ta kashe kyanwoyin, sai ɓeraye su dawo su afka wa hatsi. Aikin na'urar shi ne ta faɗi watan dawowarsu, a yi shiri.

Sau uku tana faɗa, sau uku ba su zo ba. Majalisar birni ta ba Mamuda mako guda ya gano matsalar, ko a kashe abin da ya shekara tara yana ginawa.

A kwana na biyar ya je gaida kakarsa, Iya Barmani. Ya tarar da ita a tsakar gida, kyanwoyi kusan ashirin sun kewaye ta.

"Yau mai gidan nawa ya tuna yana da mata," in ji ta. "Ina cefanen?"

"Iya, duk waɗannan naki ne?"

"Na Allah ne. In ɓera ya yi wuya sai su zo nan, wasu su tafi gidan ƙawata Asabe."

"Tun yaushe?"

"Tun kana rarrafe."

Mamuda ya zauna a bakin tabarma. A lissafinsa, wannan watan ya kamata kyanwoyin su mutu.

"Mudu nawa kike ba su a rana?"

"Ka taɓa ganin an auna ragowar tuwo? Sa hannu ka ci, kafin su riga ka."

Kwana biyu ya yi yana bin gidaje, ya sami tsofaffi fiye da ɗari huɗu masu wannan ɗabi'a. Da ya shigar da su cikin lissafin, na'urar ta rubuta: "Muddin ana ciyar da kyanwoyi, annobar ɓeraye ba za ta zo ba. Ba abin da zan tsinkaya."

Da ya so, da sai ya ce idanun na'urar ne suka lalace. Amma ya kai takardar majalisa yadda take, aka kashe Tsinkaya ranar Alhamis. Ana fitowa wani kansila ya tare shi.

"Dakta, to in tsofaffin nan suka ƙare fa?"

Da yamma Mamuda ya je gidan Iya da guntun tuwonsa a kwano.

"Jiƙa shi tukuna," ta ce. "Waccan mai ido ɗayan ba ta da haƙora."