Sarƙar Tsatsa da Daimon

Sufeto bai gama kurɓar shayinsa na hantsi ba Saje ta leƙo ofis, ta ce an yi sata a layin maƙeran zinare.

"Shago aka fasa?"

"Ba a fasa komai ba, yallaɓai. Sarƙa guda ce ta yi ƙafa. Mai ita ta ce rabinta tsohon ƙarfe ne."

"Tsohon ƙarfe? Ta nemi 'yan gwangwan mana."

"Sauran rabin zinare ne da daimon."

Sufeto ya ajiye kofin ya ɗauki hularsa.

Gidan bene ne na wa da ƙanwa, gadon mahaifinsu. A ƙasa wan ke da shago, yana ƙera zobba da awarwaro irin wanda kowa ya sani. A sama ƙanwar ke aiki. Ita ce Maƙeriyar da sunanta ya zaga gari saboda ƙirar da ba ta kama da ta kowa: zoben siminti mai bakin zinare, 'yan kunne na fasasshen gilashin mota, abin hannu na igiyar jirgin ruwa. Masu hali na rububinsu, tsofaffin maƙera kuwa na taɓe baki.

Sun same ta tsaye tsakiyar ɗakin, idanu jajur amma babu hawaye. Ko'ina a ƙasa jan garin goge zinare ne, har ya ɓata wa Saje takalmi.

"Yaushe kika gan ta ƙarshe?" in ji Sufeto.

"Da safen nan. Na kai 'yata makaranta, na dawo na tarar da wuyan nan fayau."

Ta nuna wani mutum-mutumi na katako, kai da kafaɗu, ɗaure a jikin tebur. Gobe za a buɗe babban baje koli, kuma wannan sarƙar ce jigonsa. Duwatsun daimon ɗin ma ba nata ba ne, na gidan baje kolin ne.

Sufeto ya buɗe akwatin ƙarfen da ke gefe. Sandunan zinare na kwance abinsu, babu wanda ya taɓa.

"Ɓarawon nan ɗan gayu ne," ya ce wa Saje. "Ya bar tsabar zinare ya zaɓi mai tsatsa." Ya juya ga Maƙeriya. "Ana iya zare ta ta kai?"

"Ina! Ta kama wuya ɗam. Sai an kwance."

"Yaya ake kwancewa?"

"Ba ta da maƙulli irin na kowa. Duwatsuna a kife nake dasa su, tsinin a waje. Akwai biyu a ƙeya, sai an matse su tare da ƙarfi take buɗewa. Ni kaina sai na naɗe yatsuna da guntun fata nake yi."

"Wa kika koya wa?"

"Babu kowa."

Sufeto ya sunkuya ya duba ƙeyar katakon. Wani ɗigo ne can ƙarami, ja da ya soma yin baƙi. Ya nuna wa Saje, ta ɗauki hotonsa.

"Wa ke da mabuɗin ɗakin?"

"Ni, sai mai gidan baje kolin. Yaya ma yana da ɗaya da can, amma ya ce ya ɓace."

A ƙasa suka tarar da Yayan zaune yana goge wani awarwaro, ya naɗe yatsunsa da tsumma kamar yadda masu goge ke yi. Dattijo ne mai furfura a gemu, bai ko miƙe ba.

"Ka ga wani ya hau sama yau?"

"Ni idona na kan aikina, yallaɓai."

"Kai fa, ka hau?"

"Da wace gwiwar? Rabona da matakalar nan har na manta."

"Ka san sarƙar?"

"Ban taɓa ganinta ba, ba na kuma marmari. Mu zinare muka gada. Ita ce ta mai da gidan ubanmu juji, komai ta tsinta a titi sai ta liƙa masa daimon ta ce fasaha."

Sufeto ya yi murmushi, ya gode masa, ya fita.

"Bakinsa da ɗaci," in ji Saje a mota.

"Ɗacin baki ba laifi ba ne a doka. Mu je wajen mai mabuɗi na biyu."

Gidan baje kolin fari ne tas, fitilu ta ko'ina, ma'aikata na ta jera akwatunan gilashi. Mai gidan ta tarbe su da dogayen farata masu fenti da murmushin da bai kai zuci ba.

"Yau ban leƙa layin maƙera ba sam," ta ce. "Tun safe ina nan."

"Madalla. Takalminki yana da kyau, ranki ya daɗe. Jan garin nan na gefensa, a nan kika taka shi?"

Ta dubi ƙafarta, ta dubi ta Saje, kalar ɗaya ce. Murmushin ya gudu.

"To, na je. Amma wallahi ban ɗauka ba! Wani mai saye ne ya matsa sai ya ga hotonta, ita kuma ta hana a ɗauka kafin gobe. Na faki idonta na shiga na ɗauka na fito."

"Mu ga hoton. Mu ga hannuwanki kuma."

Ga sarƙar nan a waya, lafiya lau a wuyan katako: gutsattsarin baƙin ƙarfe mai tsatsa, zinare ya rungume kowanne, daimon na tsaye a kai kamar ƙaya. Sufeto ya daɗe yana kallo. Bai so ya yarda ba, amma abin ya yi masa kyau. Yatsun matar kuwa sumul, ko ƙwarzane babu.

"Kin haɗu da wani?"

"Wanta kawai. Ina saukowa yana hawa, da sauri ma, har ya kusa bangaje ni."

Saje ta ɗaga gira. Sufeto kuwa idonsa na kan babban allon tallar da ke jingine a bango. An rubuta cewa Maƙeriya ta ƙera sarƙar ne daga awartakin mahaifinta, wato abin da maƙeri ke kama ƙarfe mai zafi da shi.

"Wannan tallar, an kafa ta a layin maƙera?"

"Jiya aka kafa, daidai ƙofar gidansu."

Da suka koma, Sufeto ya sa aka kira Maƙeriya ta sauko shagon wanta. Ya ja kujera ya zauna gaban dattijon kamar mai son sayen zobe.

"Yaya gwiwa?"

"Sai godiya."

"An ce da safe ta yi sauƙi har kana gudu a matakala. Kwance tsumman nan."

"Aiki nake yi."

"Aikin zai jira."

Dattijon ya dubi ƙanwarsa, sannan ya warware tsumman a hankali. A babban yatsa da manuni akwai huji biyu, sababbi, jini ya bushe a bakinsu.

"Wanda bai san ƙira ba da yanke ta zai yi," in ji Sufeto. "Kai ka kalle ta ka gane yadda take buɗewa, sai dai ba ka san da fata ake matsawa ba. Saje, duba min kwandon tarkacen can na ƙarƙashin benci. In da ni ne, nan zan ɓoye abu mai tsatsa."

Saje ta zazzage kwandon a ƙasa. Tsofaffin ƙusoshi, karyayyun zarto, guntayen waya, sai ga wani abu ya yi wal a tsakiyarsu. Maƙeriya ta dafe ƙirji.

"Yaya!"

"Kada ki ce min Yaya." Dattijon ya juya gare ta. "Da awartakin nan Baba ya koya min kama ƙarfe, hannunsa a kan nawa. Kika ce in ba ki aro ki rataye a sama, na ba ki. Sai jiya na karanta a bango, tare da 'yan titi, cewa kin yayyanka shi. Gobe kuma wata da ba ta san sunan Baba ba za ta saya ta rataya shi a wuya ta tafi cin abinci."

"Da ka yi min magana."

"Ke kin yi min kafin ki sa zarto?"

Ta sunkuyar da kai.

"Me ka yi niyyar yi da ita?" in ji Sufeto.

"In ciro ƙarfen ubana, in mayar mata da zinarenta da duwatsunta. Ni ba ɓarawo ba ne, yallaɓai." Ya ja numfashi. "Amma na buɗe ƙofa da mabuɗin da na ce ya ɓace, na ɗauka, na kuma yi maka ƙarya. Wannan kam na yi."

Maƙeriya ta sha gaban Sufeto. "Na janye ƙarar. Maganar gida ce."

"Da ƙarfen kaɗai ya ɗauka, da na bar ku kun sasanta. Duwatsun na wasu ne, sun kuma riga sun sanar da kamfanin inshora. Dole ya zo caji ofis ya ba da bayani. In masu kaya sun yafe, ni ba ni da ja."

Saje ta ciro ankwa, Sufeto ya girgiza mata kai. Dattijon ya miƙe da kansa, ya cire rigar aiki ya ninke, ya kashe fitilar benci. A bakin ƙofa ya tsaya, ya miƙa wa ƙanwarsa mabuɗan shagon ba tare da ya kalle ta ba.

"Da yamma wata mata za ta zo karɓar awarwaron can. Saura gefe ɗaya ban goge ba. Ki goge shi kawai, kin ji ko? Kada in dawo in tarar kin liƙa masa murfin kwalba."

Dariya ta kubce mata tare da hawayen da ta riƙe tun safe. Ta ɗauki tsumman da ya yar, ta zauna a kujerarsa.

Sufeto ya buɗe wa dattijon ƙofar mota, ya jira ya shiga, sannan ya ce wa direba su tafi.