Wa Ya Amsa Wa Rayyanu?

Ranar da Sakina ta fara ganin Bello, haushinsa ta ji.

A Mayahi ne, cikin wani aji da aka tara malaman Ingilishi na kolejojin karkara domin su tsara tambayoyin jarrabawar gwaji ta BEPC. Ita daga Attantane ta taho, shekararta ta farko ke nan a koyarwa, kuma ita kaɗai ce mace a ɗakin. Da aka zo kanta, ta tashi ta rubuta jimlarta a allo: Riding to the market, the millet looked green.

Wani dogon saurayi da ke zaune kusa da taga ya ɗaga hannu.

"Madan, ki yi haƙuri. Wa ya hau abin hawa zuwa kasuwar? Geron?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Shi bai yi ba. Ya yi bayani a hankali cewa idan jimlar Ingilishi ta buɗe da aiki, wanda ya biyo bayan waƙafi shi ne mai aikin, in ba haka ba farkon jimlar sai ya yi ta reto babu mai shi. Sakina ta share, ta rubuta: Riding to the market, I saw the green millet. Ta koma ta zauna, ba ta ƙara ɗaga kai ba har aka tashi.

Tana tasha tana jiran ɗan kabu-kabu ya same ta. Ya ce sunansa Bello, a Gidan Amumune yake koyarwa, kuma bara shi ma irin wannan jimla ya sa a jarrabawa, yara suka yi ta ruɗewa. Ya ba ta haƙuri kan dariyar da ya jawo mata, sannan ya roƙi lambarta don su riƙa duba wa juna tambayoyi. Ta ba shi ba tare da ta dube shi ba.

Ita 'yar Tasawa ce, a Attantane ɗaki guda take haya a gidan wata tsohuwa, Zara'u, wadda kunnenta ya yi nauyi, hira da ita sai da ɗaga murya. Da an tashi lakwal, wato makaranta, garin ya ɗauke mata. Takan dafa abinci na mutum guda, ta ci tana kallon bango. Waya ba ta kamawa sai ƙarƙashin wani gawo a bayan makaranta, can take zuwa da la'asar, ko da ba ta jiran kiran kowa.

A nan saƙonsa na farko ya same ta.

"Barka da yamma, 'yar Tasawa. Wani ɗalibina ya rubuta: Grazing by the well, my father counted the cows. Wa ke cin ciyawar?"

Ta yi dariya ita kaɗai, har ta ji muryarta ta zame mata baƙuwa. Ta amsa:

"Allah ya ba tsoho haƙuri. A ce: While the cows were grazing by the well, my father counted them."

Daga nan kullum sai an kawo jimla an gyara. Cikin gyaran ta san cewa shi ɗan makiyaya ne, mahaifinsa Dikko na da garke a yankin Gidan Amumune, kuma shi kaɗai ya yi nisa a karatu cikin danginsu, don haka ko a gida ba shi da abokin hira sosai. Shi kuma ya san mahaifiyarta ta rasu, ita kaɗai ta rage wa mahaifinta. Sannu a hankali jimlolin suka ragu, hirar ta ƙaru.

Dab da babban hutu ya rubuto:

"Sakinata, yau ba gyara na kawo ba. Ina son ki, kuma aure nake nufi. Ki yi tunani, ba na gaggawa."

Tana tsaye ƙarƙashin gawon ta amsa, tana kiransa mushe, yadda ɗalibai ke kiran malami:

"Mushena, na gama tunanin tun kafin ka tambaya."

Da ta koma Tasawa hutu, Gwaggo Hassana, ƙanwar mahaifinta, ta kai maganar. Mahaifin nata, Malam Jatau, tela ne, idonsa ya fara rauni, zaren allura ma sai an zura masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce bai yarda ba. Ɗan makiyaya, in ji shi, yau nan gobe can. Ban da haka, iyayen Rayyanu, ɗan amininsa mai kantin yadi a bakin kasuwa, sun zo, kuma ya ce musu ya ba yaron izinin nema.

Sakina ta shiga ɗaki zuciyarta na tafasa. 'Ya'yan gwaggo kan ɗauki wayarta su yi ta dube-dube, don haka ta rubuta da Ingilishi:

"Having accepted Rayyanu, there is nothing more to say here. Pray for me."

Amsa ta zo gajeriya:

"Allah ya sanya alheri."

Daga nan shiru. Ta kira, wayarsa a kashe. Damina ta kankama, Rayyanu na zuwa zance da turare da ladabi, tana fita ta gaishe shi ta dawo. Ba shi da aibu, sai dai ba shi take jira ba. Ta yanke cewa Bello ya ji wuya ya gudu, ta yi fushi, fushin ya huce ya bar ta da kewa tsantsa.

Wata safiya ana ruwa, tana zura wa mahaifinta allura, ta ɗauko wayar ta sake karanta saƙon nata. Sai ta ga kuskurenta. Wa ya amsa wa Rayyanu? Jimlar ba ta faɗa ba. Ita mahaifinta take nufi, Bello kuwa ya ɗauka ita ce. Nan take ta rubuta, da Hausa wannan karon:

"Bello, Baba ne ya amsa musu, ba ni ba. Ni ban amsa wa kowa ba sai kai."

Saƙon bai shiga ba. Wani abokin aikinsa ya gaya mata ya bi shanun mahaifinsa arewa, ba a san ranar dawowarsa ba.

Ba ta san ko Bello yana nan kan bakansa ba, amma ta ga bai kamata ta ci gaba da ɓata wa Rayyanu lokaci ba. Ta gaya masa gaskiya cikin mutunci. Ya yi mata fatan alheri, ya tafi. Sannan ta je ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa abin da ta yi. Ta zaci faɗa. Malam Jatau ya tsayar da keken ɗinkin, ya daɗe yana shafa yadin da ke gabansa.

"Ɗiyata, tun da uwarki ta tafi, gidan nan ni da rediyo ne. Rayyanu nan kusa yake. Wancan in ya ɗauke ki, wa zai leƙo ni?"

Sai a ranar ta gane ba Bello yake ƙi ba. Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, domin ta san irin wannan zaman sarai.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da wayarta ta yi ƙara.

"Sakinata, na hau wani tudu neman saniya da ta ɓata, saƙonki ya shigo. Kullum ina koya wa yara su tambayi jimla wa ya yi aikin, ni kuma ban tambaye ki ba. Ki yafe mini. Ina tafe."

Ya iso Tasawa ya rame, rana ta ƙona shi. Bai nemi ganinta ba, shagon Malam Jatau ya nufa, ya tuɓe takalmi ya gaishe shi. Tsohon ya amsa a daƙile. Bello bai tafi ba, ya zauna gefe. Da ya ga yana fama da allura, ya karɓa ya zura masa. Mako na zagayowa ya sake zuwa, har ya zama duk Asabar yana nan, bayan an koma lakwal ma bai fasa ba, ga nisan hanya ga yashi. Yakan kawo nono a ƙwarya, su yi hirar damina da farashin wake. Maganar aure bai taɓa tayarwa ba.

Malam Jatau ne da kansa ya tayar. Wata Asabar ya ce masa:

"Yaro, babur ɗin nan naka zai gaji. Ka ce wa mahaifinka ya zo mu gana."

Sakina ta nemi a maido ta aiki Tasawa, aka yi dace aka ba ta. Bello bai samu ba, zai ci gaba da koyarwa a Gidan Amumune, yana zuwa ƙarshen mako. Suka ce sun ji sun gani. Aka kama musu gida a lungun da ke bayan shagon.

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure. Dikko ya zo da danginsa da bijimi, unguwa ta cika har masallaci ya kasa ɗaukar jama'a. Da yamma, kafin a kai amarya, aka shigar da ita wurin mahaifinta. Ya dafa kanta, ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya ce Allah ya sa kada ɗayansu ya ƙara cin tuwo shi kaɗai. Mata suka ce amin.

Gwaggo Hassana ta kama hannunta za su fita, tsohon ya ƙara da cewa:

"Ki riƙa daka da ƙarfi, ɗiyata. Daga nan ina jin turminku."