Gawayin Raliya a Bangon Kanal

"Wallahi Tabitha, yarinyar nan so take ta kashe ni da kunya," in ji Inna Halimatu ga maƙwabciyarta. "Wasiƙar soyayya a bangon kanal, kowa ya zo wucewa ya karanta!"

Da autarta Raliya take, wadda ke koyarwa a firamare. Ran nan ta kai wa babanta abinci gona, ta tarar da wani saurayi ɗan Maraɗi, Badamasi, yana ta jujjuya kwalbar maganin tumatir, Turancin jikinta ya gagare shi. Ta karanta masa. Ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Shi ke nan fa.

Malamin gona ne, amma da Faransanci ya yi boko. Wani kamfanin iri a Kura zai ɗauke shi in ya ci intabiyu da Turanci. In ya faɗi, sai Maraɗi. Inna kuwa ta riga ta yanke: ba mai tsallake mata iyaka da auta.

Ta ja Tabitha har bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin rani, ta nuna mata rubutun gawayi a jikin siminti. Tabitha ta karanta, ta tuntsure da dariya.

"Maman Raliya, ai darasi ne! I plant, I planted, I will plant. Ina shukawa, na shuka, zan shuka."

Inna ta juya kan Raliya da ta biyo su. "Ke, littafi ya ƙare ne a garin?"

"Inna, in a littafi ne leƙe yake yi. Nan kuwa jibi za a sako ruwa ya wanke, dole ya haddace."

"Au, wankin allo ne ashe," in ji Inna.

Washegari da la'asar ta ɗauko tabarmarta da carbi, ta zauna tsakanin Raliya da Badamasi a bakin kanal.

"Maimaita, ɗan nan! Ban san me kake cewa ba, amma na ji ka yi tuntuɓe."

"To, Inna," ya ce, gumi na keto masa.

Sati uku ana rubutawa, ruwa na wankewa.

Ranar intabiyu Inna ta kasa cin komai, sai addu'a. Bayan azahar wayar Raliya ta yi ƙara, ta karanta saƙon a fili:

"Malamata, hasken idona, sun ɗauke ni. Ki ce wa Inna ban yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya."

"Alhamdu lillahi," Inna ta ce. "A zubo min abinci."

Da aka gama kwashe tumatir aka ɗaura aure, dangin ango suka cika mota biyu daga Maraɗi. Inna ta sa albarka har muryarta ta dishe.

Bayan kwana bakwai, Badamasi ya zo ya durƙusa: zai kai amarya Maraɗi ta gaida tsohuwarsa.

Inna ta damƙe hannun Raliya, ba ta saki ba.

"Allah ya kiyaye hanya. Amma ɗan nan, ka dawo min da ita kafin a sako ruwan sati mai zuwa, ka ji?"