Faci Na Takwas

"Ajiye wandon nan!"

Ɗan Gayu ya juyo daga gaban madubi, wandon jins ɗin yana rataye a hannunsa. "Ni kike wa tsawa, Auta? A gaban mutane?"

"Na ce ka ajiye shi..."

Saura wata guda bikinsu. Shi ya jawo ta shagon, wai ta taya shi zaɓen wandon da zai sa a hoton kafin aure. Irin shagon nan ne na 'yan zamani: a tsinto tsofaffin jins a gwanjo, a wanke, a ƙara musu faci, a rataye su ƙarƙashin fitila. Abin da talaka ke rufewa da doguwar riga don kunya, shi ɗan masu kuɗi ke bin layi ya saya.

Tun daga bakin ƙofa ta gane wandon. Faci bakwai ne. Marigayiya Umma ba ta faci ta waje. Ta ciki take ɗora ƙyallen zaninta, ta bi shi da koren zare, ta rufe da ƙulli uku. Aljihun dama kuwa ninki biyu ta yi masa, saboda sifana tana huda shi. Wandon aikin Baba ne, wanda ya yi shekaru yana kwanciya da shi ƙarƙashin motocin mutane.

Kuma ita ta fitar da shi daga gida. Ranar da iyayen Ɗan Gayu za su zo gaisuwa ta gan shi a kan igiya, kunya ta kama ta, ta cusa shi a buhun mai sayen tsofaffin kaya. Dama ta ce wa Ɗan Gayu Babanta "harkar motoci" yake, ta bar shi ya fassara yadda ya so. Kwana uku Baba yana ɗaga katifa yana neman wandon. A na huɗu ya daina nema, ya kuma daina hira.

Mai shagon, wata doguwa mai tabarau a goshi, ta matso. "Wannan ko allura ba mu sa masa ba, haka ya zo. Dubi baƙin man nan, na asali ne. Tsawo kawai ya yi maka, yanzu tela zai rage ƙafar."

Tela ya ɗaga almakashi daga lungunsa.

"Wallahi duk wanda ya sa masa almakashi sai ya yanka da yatsana!"

"Zumata, me ya same ki?" Ɗan Gayu ya rage murya. "Kin ga ana kallonmu."

"Wandon mahaifina ne."

Ya yi dariya. Da ya ga idonta, dariyar ta ɗauke. "Wane mahaifin? Mai harkar motoci?"

"Bakanike ne. A ƙasa yake kwanciya."

"Au! Ƙarya kika shara min kenan? Ni da bakina na gaya wa Hajiyarmu surukina dillalin motoci ne!"

"Ban ce dillali ba."

"Ba ki kuma ce bakanike ba, munafuka!"

"To yau na faɗa. Ɗazu kana shafa baƙin man nan kana lumshe ido. A jikin wando ado ne, a jikin mutum ƙazanta ko?"

"Ado na zo saya, ba talauci ba!"

Ta cafki ƙafar wandon, ya riƙe ƙugun. Ta ja, ya ja. Ƙiii! Gwiwar hagu ta yage.

"Kai, kai!" Mai shago ta tafa hannu. "Nan ba wurin rabon gado ba ne, malama. Wanda ya biya shi ke da kaya."

Ɗan Gayu ya saki wandon, ya gyara wuyan rigarsa. "Saurara, Auta. Ina sonki, shi ya sa zan rufa miki asiri. Ki bari a rage shi in sa abina, maganar ta mutu a nan. Ranar biki a saya wa tsohon babbar riga, ya zauna a baya, kada ya miƙa wa kowa hannu. Ko kuma ki ɗauki tsummanki ki fita ke kaɗai."

Ta dube shi. Tana sonsa, wannan ba ƙarya ba ne. Amma hannun da ake so a ɓoye, shi ne ya ciyar da ita.

Ta zare zobensa ta danna masa a tafin hannu. Ta cire 'yan kunnen zinaren da ta tanada don biki ta dire a gaban mai shago. "Sun isa?"

Mai shago ta sauko da tabarau kan hanci, ta juya su. "A sa miki a leda?"

"A'a. A hannu zan riƙe."

A gareji, ƙafafun Baba kawai ta gani sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota, cikin wandon yadi da duk ya ɓaci. Ta durƙusa cikin ƙura.

"Baba..."

Ya turo kansa waje. Bai dube ta ba. Ya goge hannu sosai kafin ya karɓi wandon, ya juyo cikin aljihun, ya bi ƙullin da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ce na fitar da shi, Baba. Ka yafe min..."

"Na sani tun ranar. Ina yaron?"

Kuka ya ƙwace mata. Ya bar ta ta yi har ya ishe ta. Sannan ya ɗaga wandon, ya zura yatsa ta inda gwiwar ta yage.

"Uwarki ta koya miki ƙulli uku?"

Ta gyaɗa kai.

"To share hawayenki, 'yar nan. Akwai sauran koren zarenta a gwangwanin kan taga."

Ba ta tashi nan take ba. Ta kama gefen mayafinta ta sa a haƙori, ta yago ƙyalle daidai faɗin gwiwa.