Yaron da Ya Sayar da Akuyar Innarsa

A zamanin da Turawa suka fara mulki, suka ja iyaka tsakanin Illela da Ƙonni, an yi wani yaro maraya. Babansa ya rasu a hanyar fatauci. Ya bar shi da innarsa Baraka da jaririyar ƙanwarsa Ummu.

Baƙin ciki ya sa yaron ya daina zaman gida. Ya koma bayan kasuwa, wurin wani saurayi mai suna Lawwali. Can ya koyi caca. Can kuma ya koyi shan jiƙon zaƙami mai juya hankali. In ya rasa abin caca, sai ya kwance kayan fatake ya sata.

Nonon Baraka ya ƙafe, don haka da nonon akuyarsu Ummu take rayuwa. Wata safiya yaron ya ja akuyar zuwa Ƙonni ya sayar. Kafin azahar an cinye kuɗin a caca.

Da ya dawo, ya tarar Ummu ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Baraka ba ta doke shi ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Mi Ummu ta yi maka?"

Yaron ya fita ya zauna bakin hanya yana kuka.

Nan Maccido mai haƙar rijiya, aminin babansa, ya same shi. Yaron ya faɗa masa komai.

"Baba, na lalace," in ji shi.

"Ba ka lalace ba. Tashi. Matata za ta riƙa kai wa Ummu nono. Kai kuma ina son mai ja mini guga a ƙauyen Araba. Mutanen can ba su da ruwa."

Aikin ya yi wuya. Kan yaron yana sara saboda rashin zaƙami. Ran nan ya yar da igiya, ya gudu wurin Lawwali.

Maccido ya biyo shi da ƙafa, jikinsa duk laka. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ina cikin rami na kira ka. Ba wanda ya amsa."

Kunya ta kama yaron. Ya tashi ya bi shi. Bai sake gudu ba.

Ana nan, rannan guga ya fito da jiƙaƙƙen yashi. Maccido ya yi kira daga ƙasa, "Ruwa! Ruwa ya zo!"

Mata suka yi ta guɗa. Wata tsohuwa ta kama hannun yaron tana sa masa albarka.

Ya cika gora ya kai gida. Ummu ta murmure, har tana rarrafe.

"Inna, ki yafe mini. Ga ruwan rijiyarmu."

Baraka ta sha, hawaye yana zubo mata. Ta ce, "Na yafe, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Yara, caca da maye suna cutar da mai yi da mutanen gidansu. Amma wanda ya tuba, ya karɓi taimakon manya, ya kama aiki mai amfani, zai gyaru.