Zuciyar Zulaiha a Dama Take

Ranar da Abdulhakeem ya fara ganin Zulaiha, faɗa ya sha a kanta tun bai riƙe sunanta ba.

Tari ne ya kai ta wani asibitin kuɗi da ke bayan kasuwar Azare, inda yake aikin ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji. Ya tsayar da ita gaban allo, ya ce ta ja numfashi ta riƙe, ya danna, ya sallame ta. Wai ko kallon kirki bai yi mata ba, in ji shi. Ni dai ban yarda ba, don daga baya har launin mayafinta ya faɗa.

Dakta Lois ce ke karanta hotunan, mutuniyar Bogoro, ba ta haɗa aiki da wasa. Tana ɗora hoton a fitila ta haɗe rai.

"Abdulhakeem, yaushe ka fara manta dama da hagu? Dubi inda zuciya ta kwanta. Ka maƙala alamar a baibai."

"Wallahi Dakta daidai na sa."

"To zuciyar ce ta yi ƙaura? Maza ka dawo min da yarinyar."

A bakin titi ya cim mata, ƙafarta ɗaya har ta shiga keke napep. Yana haki ya ce, "Malama, don Allah ki yi haƙuri, sai an sake hoton."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ban yi kyau ba ne a na farkon?"

Mai keken ne ya yi dariya a madadinsa.

Da aka sake, Dakta da hannunta ta maƙala alamar, hoto kuma ya fito yadda ya fito ɗazu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zaunar da Zulaiha.

"Ba kuskuren kowa ba ne. Zuciyarki ce a dama, haka aka haife ki. Akan samu irin haka jefi-jefi. Amma ina so ki dawo a yi miki sikanin, mu ga sauran kayan cikin."

Zulaiha ta ce to. Abdulhakeem ya karɓi lambarta, wai don ya tuna mata da sikanin ɗin.

Ya tuna mata kuwa, sau ɗaya. Sauran saƙonnin duk ba na asibiti ba ne.

"Ta Dama, ya tarin?"

"Ya warke, Mai Hoto. Saura ciwon kan da wani ke sa ni da tambaya."

"To ni nawa ciwon ba ya fitowa a hoto. Na duba."

"Allah ya ƙara. Ka ci abinci?"

Haka abin ya yi ta tafiya har ya san ƙofar gidansu, ya san tabarmar da mahaifinta Malam Maikuɗi ke zama a kai bayan la'asar. Zulaiha tana karatun koyarwa a kwaleji, ga surutu ga tsokana, zancen zuciyarta ma ta mayar da shi abin dariya a cikin ƙawaye. Sikanin kuwa ta ƙi komawa. Tari ya tafi, ita kuma tsoro take ji, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Shi ma da nasa tsoron, kuma nasa ya fi nauyi domin ya san dalilinsa. In komai na cikin mutum ya juya gaba ɗaya, hanta ta koma hagu, tumbi da saifa suka koma dama, galibi lafiya lau yake rayuwa har tsufa. In kuwa zuciyar ce kaɗai ta juya ta bar sauran a inda suke, sau da yawa akan tarar da naƙasa a cikinta. Ya sha ɗauko hotunanta yana neman 'yar iskar nan ta tumbi da ke nuna ɓangaren da yake, amma ba ta fito ba. Sai ya mayar da su. Duk ranar da ya yi niyyar faɗa mata, da ta yi dariya sai ya fasa.

Ikhlas ce ta kai maganar gida. 'Yar ƙanin mahaifiyarsa ce, a gidansu take zaune, kuma ta daɗe tana wanke masa kaya ba tare da an sa ta ba. Kwaleji ɗaya suke da Zulaiha. Kafin labarin ya iso kunnen Hajiya Fatu, mahaifiyar Abdulhakeem, ya riga ya zama "yarinyar mai ciwon zuciya ce, zuciyar ma a juye take."

Ba a ambaton ciwon zuciya a gaban Hajiya Fatu. Shi ya ɗauke mata Hadijatu, yayar Abdulhakeem, tana cikin jego. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gagara, ta tafi ta bar jaririn da Hajiya ke raino har yanzu.

Ta kira Abdulhakeem ɗaki, ta rufe ƙofa.

"Ban ƙi yarinyar nan don komai ba, ban ma san ta ba. Amma na wanke gawa ɗaya da hannuna, ba zan wanke ta biyu ba."

"Hajiya, ba ciwo ba ne, halitta ce."

"To kai ma'aikacin asibiti ne. Dube ni ka rantse lafiyarta ƙalau, gobe in tura kawunnanka."

Ya buɗe baki, rantsuwar ta ƙi fita. Hajiya ta girgiza kai ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Da yamma ya je zance jiki a sanyaye, ya faɗa wa Zulaiha komai, har zancen hanta da tumbi. Ta saurare shi ba ta katse shi ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun ranar farko."

"Ashe duk lokacin da kake kallona, majinyaciya kake gani. Ni ina ta dariya, kai kana lissafin kwanana."

"Ta Dama, tsoro na ji."

"Kada ka ƙara kira na da sunan nan."

Ta shige gida ta bar shi da ledar tsiren da ya kawo. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya tura saƙo, shiru. A wurin aiki sai da Dakta Lois ta tambaye shi ko zazzaɓi yake yi. Ikhlas kuwa sai ƙara man shanu take a miya, ba ta san ko ɗanɗanon abincin ba ya ji ba.

Ana cikin haka saƙo ya shigo.

"Na gaya wa Baba, ya ce in je. Gobe da safe za a yi sikanin. Ka zo da Hajiya. In babu kyau ta ji da kunnenta, kai kuma ka huta da ni. Ina jin tsoro sosai, Hakeem."

Ya karanta ya sake karantawa, sannan ya rubuta, "Ko me aka gani, ba zan huta da ke ba. Ba na son hutun."

Da ƙyar Hajiya ta yarda ta zo. Zulaiha ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon gefe. Dakta Lois ta shigar da su biyun, ta nuna wa Abdulhakeem benci.

"Kai yau ba ma'aikaci ba ne. Zauna nan."

Duk wanda ke kan bencin nan roƙonsa ɗaya ne, Allah ya sa a tarar da komai a mazauninsa. Shi kaɗai ne yake motsa baki yana cewa, "Ya Allah ka sa hantar tana hagu." Wani tsoho da ke kusa da shi ya ji, ya ɗan matsa gefe.

A ciki, Dakta ta shafa wa Zulaiha man nan mai sanyi, ta ɗora kan na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Zulaiha ta runtse ido, ta miƙa hannu tana laluben abin riƙewa, sai ta kamo gefen mayafin Hajiya. Hajiya ta dubi hannun, ba ta janye ba.

Dakta ta zagaya da na'urar hagu, ta tsaya, ta sauke ajiyar zuciya.

"Mama, matso ki gani. Wannan babbar ita ce hanta, ga ta a hagu. Saifa da tumbi suna dama. Komai nata ya juya tare, kamar mutum a madubi. Abin da muke fata ke nan."

Ta hau da na'urar ƙirji. Wani abu ya bayyana a allon yana buɗewa yana rufewa.

"Ga zuciyar. Ɗakuna huɗu, kowanne da ƙofarsa, ban ga huda ba, ban ga kumburi ba. Zan tura ta wurin likitan zuciya ya ƙara dubawa, amma ni ban ga abin tsoro ba."

Hajiya ta ce, "Likita, za ta haihu ta tashi?"

"Rai na Allah ne, Mama, ba zan yi miki alkawarin abin da ba nawa ba. Amma wannan zuciyar lafiyayya ce."

Hajiya ta daɗe tana kallon allon. Can ta ɗora tafinta a ƙirjin Zulaiha ta dama, ta ji bugun yana dukan hannunta da sauri saboda tsoro. Hawaye ya zubo mata.

"Hadijatu tata a hagu take, irin ta kowa," ta ce a hankali. "Kuma ta tafi."

Ta sa bakin mayafinta ta goge wa Zulaiha man da ke jikinta.

"Tashi, 'yata. Je ki faɗa wa wancan, kafin tasa zuciyar ta tsaya a kan benci."

Likitan zuciya ya duba, ya ce haka ne. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Maikuɗi, dangi suka zo daga Udubo mota-mota. Ikhlas ta yi kukanta ta gama, ita ce ma ta raba alawa. Dakta Lois ta zo da ankonta, ta ja amarya gefe ta ce duk asibitin da ta je nan gaba ta fara faɗa musu yadda take, kada su nemi abu inda ba ya nan.

Da aka kawo amarya gaban Hajiya Fatu, sai ta ɗauko ɗan Hadijatu ta ɗora mata a cinya, yaron da ba ta taɓa bari wani ya goya ba. Ta haɗa hannun Zulaiha da na Abdulhakeem ta riƙe gam.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya sa ku ne za ku binne ni, ba ni zan binne ku ba."

Ɗakin ya amsa da amin, Zulaiha ta ƙara rungume yaron.